Dodon Basilisk: abin da ake sayarwa a Amurka da abin da za ku haɗa a Gombe

'Yan'uwa na Jekadafari, ga bayanin kayan wasan Dungeons & Dragons da kuka tambaya, wato wasan tebur na labari da faɗa da dodanni, wanda ya fara fitowa a 1974.

Basilisk, ɗaya daga dodannin wasan, kamar damo yake, sai dai ƙafafunsa takwas, kuma bai gaji haƙurin damo ba. A littafin dodannin wasan, Monster Manual na 2014, makin ransa (yawan ɓarnar da zai jure kafin ya mutu) 52, kariyarsa (makin da sai an kai kafin a same shi) 15. Duk wanda ya haɗa ido da shi a tazarar ƙafa 30 zai jefa dayis mai fuska 20 ya ƙara makin juriyarsa. Idan bai kai 12 ba, jikinsa ya fara sandarewa. Ya sake faɗuwa a zagaye na gaba, ya zama dutse. Kawar da kai yana tsare mutum, amma sai ya yi faɗa a makance. Madubi ya fi: idan akwai haske, dodon kan ga kansa ya zaci abokin gaba ne.

A nan Amurka shagunan wasa suna da tebura a ciki, kuma littafin kusan dala 50 ne. Kada ku saya tukuna, ƙa'idojin farko suna intanet kyauta, shagon fotokwafi zai buga muku. Ɗan mutum-mutumin roba na dodon ma ba dole ba ne. Yana da kyau, amma zafin watan Afrilu na Gombe zai lanƙwasa masa jela idan ya wuni a mota. In hakan ta faru, ku tsoma shi a ruwan zafi, ku miƙe shi, ku sa a ruwan sanyi. Yumɓu ko murfin kwalba ya wadatar, muddin faɗinsa bai wuce inci 1 ba. Ku zana gidaje a kwali da awon tela, kowane inci 1 yana tsayawa a madadin ƙafa 5.

Abin da ya cancanci a aiko muku shi ne dayis, saiti mai guda 7. Na ludo da ke Babbar Kasuwa fuska 6 ce kawai. Zai yi wa cizon dodon aiki, tunda guda 2 ake jefawa a ƙara 3, a sake jefa 2 na dafi, amma bai isa gwajin ido ba. Ku gaya wa Baba babu kuɗi a ciki, kada ya ga dayis ya ce caca ce.