Hattara da mai sayar da "Partition Magic" a guruf-guruf na WhatsApp a Yamai

Jama'a, salamu alaikum. Akwai wani mutum da ke yawo da talla a guruf-guruf na ɗalibai da na masu saye da sayar da kwamfuta, yana cewa yana da manhajar da ke "faɗaɗa diski". Ya ci kuɗin ɗiyar yayata, kuma na tabbata ba ita kaɗai ba ce.

Yarinyar tana karatu a Harobanda, tana cikin rubuta kundinta na ƙarshe. Diskin kwamfutarta an raba shi ɓangare biyu, C da D: C ya cika har ya yi ja, D kuwa kusan fanko. Ta ga tallar, ta yi masa magana. Abin da ya fara gaya mata shi ne wai diskinta giga 500 ne amma 465 kawai ke fitowa, don haka "an toshe" mata giga 35, shi zai buɗe. Ta tura masa jika bakwai da rabi ta waya. Ya aiko da fayil, ya ce ta kashe maganin bairos kafin ta buɗe. Ta kashe. Da injin ya sake tashi, D babu shi babu dalilinsa, kundin kuwa yana ciki. Sai ga shi da sabuwar magana: ta ƙaro jika goma sha biyar ya dawo mata da kayanta. A nan ta kira ni tana kuka, "Kawu, aikina na shekara ya tafi."

Zancen giga 35 ɗin nan ƙarya ce tsagwaronta. Masu ƙera diski suna ƙirga da 1000, Windows na ƙirga da 1024, shi ya sa kowane diski mai giga 500 yake nuna kusan 465 a cikin Windows. Babu abin da aka toshe. Kuma babu manhajar da ke ƙara girman diski. Diski kamar fili ne da aka zagaye da katanga: kana iya matsar da bangon da ke tsakanin ɗaki biyu, wannan ya ƙaru wancan ya ragu, amma filin bai ƙaru da taku ɗaya ba.

Sunan da yake talla da shi ma ya isa ya tona shi. PartitionMagic na gaskiya, na raba diski ɓangare-ɓangare, kamfanin PowerQuest ne ya yi shi, Symantec ta sayi kamfanin a 2003, aka daina sayar da manhajar a 2009. Mu da muka yi zamanin Windows XP mun san ta, mun ji daɗinta. To wanda ya ce maka yana da "sabon fitowa na bana", me ya cusa a cikin fayil ɗin?

Abin haushin shi ne aikin da take nema kyauta ne. A cikin Windows kanta akwai Gestion des disques, wato manhajar sarrafa diski. Ka rubuta diskmgmt.msc a wurin bincike na Windows ta buɗe. Tun zamanin Vista tana rage ɓangare, tana ƙara shi. Matsalarta ɗaya: ba ta ƙara C sai in akwai wuri fanko manne da shi ta hannun dama, shi ya sa mutane ke ganin "Étendre le volume", wato umarnin ƙara ɓangare, a dushe su ɗauka sai an biya kuɗi. In haka ta faru, akwai GParted, kyauta ne gaba ɗaya, ana sa shi a kile USB a tada injin da shi, yana iya matsar da D ya ba C wuri. Wanda ya fi son zama cikin Windows, AOMEI Partition Assistant da MiniTool Partition Wizard duka suna da na kyauta. Za su yi ta nuna maka na kuɗi, ka ƙyale su. Amma daga shafin masu su za ka sauke, ba daga hannun wani a WhatsApp ba.

Ko da manhajar kirki, ka kwashe kayanka zuwa wani diski tukuna. Matsar da ɓangare na iya ɗaukar awoyi, kuma kun san yadda wuta take a watan Afrilu da Mayu. In ta ɗauke a tsakiyar aiki batir kuma ya mutu, asara ce. Wanda diskinsa ke kulle da BitLocker, makullin diski na Windows, ya rubuta lambobi 48 na buɗe shi a takarda kafin ya taɓa komai.

Ita dai yarinyar Allah ya taimake ta, na hana ta ajiye ko da hoto ɗaya a injin, don kada sabon abu ya hau kan kayan da suka ɓace. Na kai wa wani mai gyara a Katako, ya yi amfani da TestDisk, manhajar dawo da ɓangaren da ya ɓace, ita ma kyauta ce, ya dawo da D da kundin lafiya lau. Bayan nan muka goge Windows muka sa sabuwa, ta canza duk kalmomin sirrinta, don ba mu san abin da fayil ɗin ya kwasa ba.

Mutumin ya toshe lambarta, amma jiya an turo mini tallar daga wani guruf, hoto iri ɗaya, lamba daban, farashin ya koma jika biyar.