Hattara da mai tallan oba-oba "mai cin kilomita 50"

Assalamu alaikum jama'a. Wannan saƙo na shugabannin 'yan sintiri ne, da kwamitocin tsaro na unguwanni da ƙauyuka, da masu manyan gonaki, da duk wanda ke shirin sayen oba-oba ta intanet. Akwai wani mutum da ke baza tallarsa a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, da an fara yi masa ƙorafi sai ya sauya sunan shafi ya sauya lamba. Sunan da yake amsawa yau ba shi zai amsa gobe ba, don haka ku riƙe maganarsa, ita ce ba ta sauyawa. Cewa yake yi oba-obarsa tana cin kilomita 50 ba tare da sabis ba, ƙarfinta wat 18, babu mai iya jin abin da kuke faɗa, kuma zai haɗa muku da lasisi. Duka ƙarya ne, kuma irin ƙaryar da ke iya jawo asarar rai.

Gyaran rediyo da kayan lantarki ne sana'ata, kuma na daɗe ina harkar rediyon sha'awa, wato masu magana da juna ta rediyo don koyo da zumunci. Kayan mutumin nan sun iso teburina ta hannun dattawan wani ƙauye da suka yi karo-karo suka saya wa matasansu masu sintiri. Wasu hatsi suka sayar kafin su ba da nasu kason. Da aka kawo kaya aka gwada, wanda ke bakin rafi ba ya jin wanda ke ƙofar gidan mai gari, alhali tafiyar ba ta kai ta rabin sa'a da ƙafa ba. Suka ɗauka lalacewa ta yi, suka kawo gyara.

Ba ta lalace ba. Da na ɓare sitikar da ya manna a bayanta, sai ga Baofeng UV-5R, wadda wani kamfani a lardin Fujian na ƙasar Sin ke ƙerawa, ta cika kasuwannin duniya saboda arharta. Ni ba na kushe ta, da ita masu koyo da yawa suka fara, kuma tana yin aikin kuɗinta. Tana aiki a zango biyu, daga megahaz 136 zuwa 174, sai kuma daga 400 zuwa sama, ƙarfinta wat 4 zuwa 5. Na ɗora ta a kan ma'aunin ƙarfi a gaban dattawan, na danna maɓallin magana, bai ko taɓa 5 ba. Mutumin ya sayi abu mai arha, ya sake masa kwali da sitika, ya ninka kuɗin.

Maganar nisa ce ya fi cutar mutane da ita, don haka bari in tsaya a kanta. Muryar da ke fita daga irin wannan rediyo a miƙe take tafiya, kamar hasken tocila: inda tudu ko gini ko duhuwar itatuwa suka tare, nan ƙarfinta ke karyewa. Ga shi kuma doron ƙasa a lanƙwashe yake. Mutum biyu a tsaye, kowa da tasa a hannu, a fili fetal da babu ko bishiya, iyakar abin da lissafi ya ba su wajen kilomita 10 ne, kuma da wuya a samu hakan. Cikin gari irin Kano ko Gusau, da gine-gine da rufin kwano, kilomita 1 zuwa 3 ake samu. Ƙarin wat ba ya warware wannan. Kafin nisa ya ninku sai an ninka ƙarfi aƙalla sau huɗu, kuma ko an ninka ba zai huda tudu ba. Abin da ke ba da nisa shi ne tsawo. Masu rediyon sha'awa kan yi magana da tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa da rediyon hannu mai wat 5 da eriya mai kyau, alhali tana sama da mu da wajen kilomita 400, saboda babu abin da ya shiga tsakani. Wanda ya hau dutsen Dala zai ji nesa fiye da wanda ke tsakiyar kasuwar Kurmi, da rediyo iri ɗaya da batir iri ɗaya. Wannan 'yar gaskiyar ce ɗan damfarar ke ɗorawa a kan ƙaryarsa.

To bidiyon da yake nunawa fa, wani a Kano wani a Kaduna suna hira murya tangaram? Ku duba abin da ke hannunsu da kyau. Wata na'ura ce daban mai kama da oba-oba, ana sa mata sim, muryar tana bi ta intanet ɗin kamfanin waya ta je wata kwamfuta a wani wuri sannan ta dawo. Ita ce ake rubuta wa kilomita 5000 a kwali. Wayar salula ce a cikin rigar oba-oba, tana cin data, yawanci kuma akwai kuɗin rajista da ake sabuntawa duk shekara, wanda mai talla ba zai ambata ba sai ta ɗauke. Da mai sim ɗin yake yin bidiyo, ya aiko muku da Baofeng. Ko da ma mai sim ɗin ya aiko, ku tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna. A irin wannan rana mai sim ba ta da amfanin komai. Ƙauyen da ke neman oba-oba saboda babu sabis, an sayar masa da abin da sai da sabis yake aiki, ina ribar?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar sirri. Yana gaya wa mutane ya sa musu "lambar sirri", ko jami'an tsaro ba za su ji su ba, balle ɓarayin daji. Abin da ya sa ɗin sunansa CTCSS, wani siririn sauti ne da ke raka murya. Aikinsa kawai ya hana rediyonka buɗe baki sai in wanda ke magana yana da irin sautinka. Wato kai ne ba za ka ji wasu ba. Su kuwa suna jin ka sarai. Na nuna wa dattawan nan da idonsu: na ba ɗaya daga cikin matasan tasu mai "lambar sirri" na ce ya fita bayan shago ya yi magana, na ɗauko wata tsohuwa tawa da ba a sa wa komai ba, na danna maɓallin lalube. Cikin ɗan lokaci ta tsaya a kan zangonsu, muryar yaron ta fito ras, yana cewa "Baba kuna ji na?" Dattijon da ya jagoranci karo-karon ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, "Malam, ashe duk inda muka ce yara su tsaya da dare, a kasuwa muke faɗa." Haka ne. Duk mai irin wannan rediyo a kusa da ku zai iya jin sunayenku, da wurin da kuke, da lokacin da kuke tashi. Wanda ya san ana iya jin sa zai auna maganarsa. Wanda aka rantse masa cewa babu mai ji zai saki baki, kuma a yankunanmu kowa ya san abin da sakin baki ke jawowa.

Batirin ma haka. Na asalin UV-5R an rubuta masa 1800mAh ne. Nasa an buga masa 8000 a kwanso mai girma ɗaya, da ka ɗauka a hannu za ka ji shi sakayau. Na buɗe guda, ƙananan ƙwayoyi biyu ne a ciki da soso da aka cusa don kada su yi motsi. Doguwar eriyar da yake sayarwa daban da sunan Nagoya jabu ce, kuma eriyar da ba ta dace da zango ba tana mayar da wuta cikin rediyo, ta dumama shi har ta ƙona tiransiston da ke fitar da murya.

Sai kuma abin da yake kira "ƙarin wuta" da "buɗe layi". In ka koma ka ce ba ta cin nisa, sai ya ce ka aiko da ita da wani kuɗin a ƙara mata ƙarfi. Babu wani waya da za a jona a cikin wannan ɗan akwati ya mayar da wat 5 ya zama 18. Batirin ba zai ɗauka ba, jikin ma ba zai jure zafin ba. Waɗanda aka yi wa aikin da na gani, an yi musu facin dalma na ganganci, wata kuma lambobin allo kawai aka sauya da kwamfuta. Saita tashoshi ba wani asiri ba ne, akwai manhaja kyauta mai suna CHIRP da ake yi da ita. Gyaran da masu sha'awa na gaske ke yi, kamar ƙera eriya ko ɗora ta a kan dogon ƙarfe, da awo ake yin sa, kuma cikin zangon da doka ta ba su. Rediyon da aka taɓa cikinta babu awo takan watsa hayaniya zuwa zangon wasu. Zangon jiragen sama yana tsakanin megahaz 118 da 137, dab da inda waɗannan rediyoyi ke farawa, kuma 121.5 na kiran gaggawa ne. Ba wurin wasa ba ne.

Ga masu ɗan hali yana da wani tarkon: wata oba-oba mai suna Icom IC-V82, wai sabuwa dal daga Japan. Bayan fashewar oba-oba a Lebanon a watan Satumba na 2024, kamfanin Icom da kansa ya sanar cewa ya daina ƙera wannan samfuri tun Oktoba 2014, kuma an daɗe da sanin jabunsa sun yi yawa a kasuwa. Wanda ya ce yana da ita katan-katan sabuwa fil, ku san abin da yake sayarwa.

Lasisin da yake haɗawa kuwa wani kati ne mai tambarin Najeriya da aka manne da leda. Ɗan kasuwa ba ya ba da lasisin rediyo. A Najeriya tun dokar 1961 ta sadarwa maras waya sai da izinin gwamnati ake amfani da na'urar aika saƙo ta iska, kuma izinin yana fitowa ne daga Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ko hukumar NCC, gwargwadon irin aikin. A Nijar hukumar ARCEP ce ke kula da zanguna. Mai rediyon sha'awa na gaske yana da lambar kira tasa, ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U, kuma a nahiyarmu zangonsa a irin wannan rediyo shi ne 144 zuwa 146 da 430 zuwa 440. An ware su don koyo da gwaji da zumunci, ba don kasuwanci ko aikin tsaro ba, kuma ba a yarda a ɓoye magana a cikinsu ba. Ku yi tunanin yaro ɗan shekara ashirin a shingen sojoji da dare, an same shi da oba-oba da katin bogi a aljihu. Wa zai tsaya ya saurari bayanin cewa a Facebook aka saya? Mai tallan yana can yana barcinsa, ɗan mutane ne zai kwana a tsare ana tuhumarsa da kai wa ɓarayi rahoto.

Waɗanda ma kaya suka iso musu sun fi wasu. Akwai waɗanda ya karɓi kafin alƙalami, ya turo hoton kwali a tasha da lambar wani wai direba, direban ya kira ya ce an tsare kaya a hanya sai an biya kuɗin kwastan, aka sake turawa, daga nan layukan biyu suka mutu.

Shawarata ga duk kwamitin da ke da wannan niyya, ku fara zama da DPO na yankinku da sauran jami'an tsaro, a san da ku, a gaya muku hanyar neman izini. Ku sayi kaya a shago mai adireshi wanda za ku iya komawa, ku karɓi rasit mai lambar kowace rediyo. Kafin ku biya, ku ciro batir ku karanta abin da aka rubuta a jikin ƙarfen baya, ku duba ko akwai ramin sim. Ku ɗauki guda biyu ku gwada, ɗaya ya tsaya ɗaya ya hau babur yana tafiya yana magana har murya ta yanke, ku duba nisan da kanku. In da hali a yi gwajin a garinku, don ƙasar kowane wuri daban take. In nisan bai isa ba, maganinsa eriya a wuri mai tsawo, ko tashar maimaita murya da ake kafawa a kan tudu ko dogon gini, ita ma da izininta. Kuma ko wace iri kuka saya, ku gaya wa yaranku ana jin su, kada a kira suna, kada a faɗi wuri.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya je bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi a kan asusun da ya tura wa, don da zafi-zafi ake iya tare kuɗi. Ya adana hoton tallar, da hirarsu ta WhatsApp, da saƙon murya, da shaidar tura kuɗi kafin a goge shafin, ya kai wa 'yan sanda ko EFCC. Wanda aka aiko wa kayan jabu yana iya kai kuka hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Waɗanda kuma ke riƙe da katin lasisin nan, ku karɓe shi daga hannun yara tun yau, ku haɗa shi cikin shaidun da za ku kai. Don Allah a tura wannan saƙo zaurukan ƙauyuka, a karanta wa waɗanda ba sa karatun boko, don su ya fi nema.