Gidan ƙunshin nan na wajen Zoo Road: hannu akwai, tsafta kam sai a hankali

Bikin ƙanwata ne ya kai ni, wata ƙawata ta yi ta zuga ni wai duk Kano ba mai zanen fulawa kamar matar nan, kuma gaskiya ba ta yi ƙarya ba, layinta siriri hannu ba ya rawa, kafin in gama hira a waya ta gama min hannu biyu. Jan lallen salatif da ta yi min a ƙafa ma ya kama raɗau, sati uku yana nan abinsa.

Baƙin lallen ne matsalar. Na ce Anti me kike haɗawa da shi? Ta ce dayis ne da haidurojin kamar kowa, ni kuma da yake ina ɗokin biki ban ƙara magana ba. Kwana 5 da gama biki sai ƙaiƙayi, daga nan ƙuraje masu ruwa, wallahi zanen nan ne ya kumbura ya tashi ganye-ganye yadda ta zana shi sak. Likitan fata ya ce min wani sinadari ne PPD na rinin gashi, ba a yi shi don a kwantar a fata ba, kuma in jiki ya ƙi shi sau ɗaya to shikenan, ko rinin kai na yi nan gaba zai iya tashi. Lalle na gaskiya dama ja yake yi. Har yanzu shatin na nan a bayan hannuna.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yarinyar da ke gyaran gira, reza ɗaya mutum uku a gabana, ta goge a zaninta ta ce na gaba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B fa tana kai kwana 7 a busasshen jini ba ta mutu ba. Kuma a nan ɗin suke yin girar allura wadda ba ta wankuwa, wannan ai tatu ne aka canza masa suna, ko ba don malamai sun hana ba, ni ban ga safar hannu ba ban ga an ɓare sabuwar allura a leda ba.

Jan lalle zan koma mata da ƙaramar sallah in Allah ya kai mu, amma rezata na cikin jaka, kuma dayis ko kyauta ne ta riƙe kayanta.