Fanel ɗin sola: a turo maka daga Legas ko ka saya a gida?

Duk mai shirin haɗa sola sai ya zo kan wannan tambayar, in yi oda daga kasuwar Alaba ta Legas a turo min ta webil ne ko in shiga kasuwar Sabon Gari ta Kano in zaɓa da idona. Yawanci farashi kawai ake dubawa, an manta fanel ba inbata ba ne da za a cusa a kwali a jefa but. Mai 550W ɗin nan da ya cika kasuwa tsawonsa ya haura mita 2, nauyi wajen kilo 27 zuwa 28, gilashin fuskar kuma milimita 3.2 ne kacal, ƙarƙashinsa ga sel-sel, wato ƙwayoyin da ke mayar da hasken rana wuta, masu sirantar da ba su fi ɓawon ƙwai ƙwari ba.

Toh abin tsoron ma ba fashewar gilashi ba ne, wannan ai ido zai gani a yi rigima a wurin. Matsalar ita ce tsagewar da ke cikin sel, ɗan dako ya taka ko an ɗora buhu a kai ko an ja igiya da ƙarfi, waje lafiya lau kamar sabo, sai bayan watanni ka ga caji ya ragu kana ta zagin batir ba laifinsa. Sai da na'urar EL, mai ɗaukar hoton cikin sel, ake ganinta, ita kuwa ba kowane shago ke da ita ba, kuma garantin kamfani ba ya ɗaukar ɓarnar hanya.

In aikinka babba ne, masallaci ko rijiyar burtsatse ko makaranta, ni dai falet guda, wato kunshin fanel a kan dandamalin katako, a ɗaure yadda ya fito daga kwantena shi na fi yarda da shi. Guda 31 ko 36 ke ciki gwargwadon kaurin firam, a tsaye suke kan gefensu, an ɗaure su tam ba sa motsi, su Jinko da Longi da JA Solar duk haka suke shiryo nasu. Amma nauyinsa ya kusa tan ɗaya, in babu abin ɗagawa a wurinka dole a kwance shi a kan motar, kuma wlh nan ake ɓarna. A tabbatar wurin ya daidaita ba gangare ba, a sa abin jingina mai ƙarfi a baya tukuna sannan a yanka ɗaurin, in ba haka ba duk su biyo juna su zube kan mutum. Mutum biyu su riƙa zarowa ɗaya bayan ɗaya ta firam, ba ta waya ba, ba ta ɗan akwatin nan na baya ba.

Webil na guda huɗu ko shida kuwa caca ce. Legas zuwa Kano wajen kilomita 1000 ne, a sauke nan a ɗora can, ba ka san me aka danne su da shi ba. In dole ne, ka biya a buga musu akwatin katako a jera su a tsaye da kwali tsakani, kuma ku yi magana tun farko in ya fashe asarar wa ce, a rubuce a WhatsApp ba fatar baki ba.

Saye a gida ya fi tsada kaɗan amma kana dubawa kafin ka biya. Ka fito da shi rana ka sa mitar auna wuta, Voc na 550W, wato boltej ɗinsa in ba a jona shi da komai ba, wajen 49V yake nunawa, ka kwatanta da lambar da ke baya, ka shafa bayan ko akwai ƙarce, ka duba kusurwoyin firam. Sai dai kar ka gama wannan duk ka ɗora su a kwance saman adaidaita, nemi a-kori-kura ko kurkura a tsayar da su da katifa ko kwali.

Mai gilashi gaba da baya ya fi jure lanƙwasa, amma ya haura kilo 30 kuma gefensa ba ya son bugu, ka ƙara kuɗin 'yan dako su zo su biyu. Kowanne ka zaɓa dai ka kunna bidiyo tun kafin a yanka igiyar farko, direba na tsaye.