Bel ɗin ɗaure ƙugu: yana kwantar da ciwon baya, amma ba ya hana shi dawowa

Irin bel ɗin da aka fi sayarwa shi ne mai faɗin santimita 20 zuwa 25 ta baya, an yi shi da yadi mai talewa, an jera 'yan sanduna huɗu zuwa shida na roba ko na ƙarfe mai lanƙwasuwa a cikinsa. Gabansa yana da maɗauri mai mannewa, wasu kuma an ƙara musu igiyoyi biyu a gefe waɗanda ake ja a ƙara matsewa. A jikin kwalinsa yawanci za a ga alkawari uku: zai rage zafi, zai gyara tsayuwa, zai hana ciwo dawowa. Na farkon akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Na biyun yana aiki ne muddin bel ɗin yana jiki. Na ukun kuwa babu shi.

Inda ya yi abin kirki shi ne kwanakin farko na tashin ciwo, lokacin da tsokar ƙugu ta ɗaure, tashi daga kujera ya zama aiki. Matsewar tana ƙara ƙarfin ciki, tana rage sunkuyawa da murɗawa ba zato, ga kuma ɗumi. Mutum yana samun ƙarfin gwiwar tashi ya taka, kuma wannan ba ƙaramin amfani ba ne, domin doguwar kwanciya ƙara tsawaita ciwon take yi. Idan bel ne zai fitar da mutum daga gado, to ya biya kuɗinsa.

Amma fa sai an ɗaura shi daidai. A auna da tef a daidai cibiya, kada a bi lambar wando. A sa shi a kan 'yar riga mara kauri saboda gumi da ƙuraje. Gefen ƙasa ya zauna a saman ƙashin kwankwaso, domin gaɓoɓi biyu na can ƙasa, waɗanda likitoci ke kira L4-L5 da L5-S1, su ne suka fi ɗaukar nauyi, kuma a nan faifan da ke tsakanin ƙasusuwa ya fi ɓullowa. Bel ɗin da ya haura zuwa haƙarƙari ya bar wurin ciwon a buɗe. A fara manne babban maɗaurin, sannan a ja igiyoyin gefe. Idan yatsu biyu ba sa shiga tsakaninsa da ciki, ko numfashi ya yi nauyi, an matse da yawa. Awa biyu zuwa uku lokacin aiki ko tafiya sun isa, a cire shi in za a kwanta. Mai hawan jini, mai juna biyu da mai ƙaba su tambayi likita tukuna.

Wajen ƙarko, maɗaurin ne ke fara mutuwa, saboda zare da ƙura suna cika ƙayoyinsa har ya daina kamawa. A manne shi kafin a wanke, a wanke da hannu da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, zafi yana kashe robar yadin. Masu arha sandunansu kan huda yadi su riƙa sukar mutum in ya zauna. Wanda sandunansa ke zaruwa ya fi. Masu maganaɗisu a jiki kuwa, ƙarin kuɗi ne kawai.

To me ya sa ba ya hana ciwon dawowa? Saboda abin da ke dawo da shi ba ya zaune a inda bel ke matsewa. Kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon ƙugu ba a iya danganta shi da wata cuta ko rauni takamaimai. Zafin yakan lafa cikin 'yan makonni, sai mutum ya ɗauka ya warke, alhali tsokar da ke riƙe ƙashin baya ba ta dawo da juriyarta ba, ya kuma koyi tsoron sunkuyawa. Sai ya koma zaman awa takwas, ƙarancin barci, damuwa, sigari, sannan rana ɗaya ya cicciɓi kayan da jikinsa bai saba ba. Bel ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tun 1994 hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta ce babu isasshiyar hujja cewa yana kare ma'aikata daga rauni. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin magani, a 2016 ta ce kada a ba masu ciwon ƙugu bel a matsayin magani, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta bi wannan sahu a 2023 game da ciwon da ya daɗe. Ana yawan cewa bel yana kashe tsoka, bincike dai bai tabbatar da hakan ba. Illar da ta fi bayyana ita ce ruɗi: mai bel yana jin kamar ya yi sulke, sai ya ɗaga abin da ba zai ɗaga ba in babu shi.

Abin da ya nuna tasiri kuwa ba a sayar da shi a kwali. Wani gwaji da aka yi a Ostireliya kan mutum 701, aka buga a mujallar likitanci ta Lancet a 2024, ya gano cewa waɗanda aka ɗora kan shirin tafiya a ƙasa tare da wayar da kai sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya sake hana su harkokinsu, sauran kuwa kwana 112. A fara da minti 10, a ƙara a hankali har a kai minti 30, sau biyar a mako.

A haɗa da motsa jiki biyu, sau uku a mako. A kwanta rigingine, a lanƙwashe gwiwa, a ɗaga kwankwaso har jiki ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa, a riƙe daƙiƙa 8, sau 10. Sannan a durƙusa kan hannu da gwiwa, a miƙa hannun dama da ƙafar hagu, a riƙe daƙiƙa 8, a sauya, sau 6 kowane gefe. Kuskuren da aka fi yi a na biyun shi ne ɗaga ƙafa sama da kwankwaso, sai ƙugu ya lotsa, ciwon ya ƙaru. Mai aikin zama ya miƙe duk bayan minti 30. Awar farko bayan tashi daga barci a guji dogon sunkuyo da ɗaukar kaya, domin faifan baya yana tsotsar ruwa cikin dare, da safe a cike yake. Kaya kuma a jawo shi jikin ciki, a juya da ƙafa ba da ƙugu ba.

Akwai inda bel ba shi da hurumi ko kaɗan. Idan fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba a sani ba, ko tsakanin cinyoyi da dubura ya mutu, ko ƙafa ta fara rauni har ana jan ta, asibiti za a nufa a ranar. Haka ma ciwon da ya zo da zazzaɓi, rama ba dalili, ko bayan faɗuwa mai tsanani. Wanda kuma ya wuce mako shida bai sassauta ba, likitan fisiyo ya kamata ya duba shi.