Tsakanin RAL 7000 da RAL 5014 a bangon falonmu

Da muka gama shafen siminti a falonmu na unguwar Zariya, a nan Maradi, mai fenti ya kawo mini katin launuka na RAL, wanda Jamusawa suka fara fitarwa a 1927, na tsaya a kan launi biyu da suka yi kama da juna ƙwarai a takarda. Lambar farko ita ce ke nuna dangin launi, wato 7 dangin ruwan toka ne, 5 kuma dangin shuɗi. Saboda haka 7000 toka ce da aka ɗiga wa shuɗi, shi kuwa 5014, wanda suke kira shuɗin tantabara, shuɗi ne da toka ta dusashe shi.

Mai fentin ya ce, "Alhaji, kada ka yanke hukunci a kan kati, bari mu shafa a bango mu kwana biyu." Ya haɗa kowanne da hannu cikin farin fentin ruwa, ya shafa hannu biyu kusa da tagar gabas.

Da hantsi 5014 ya fi ɗaukar ido nesa ba kusa ba, har ido kan huta idan aka shigo daga zafin bazara, kuma uwargida nan take ta ce shi take so. Amma da magariba ta yi muka kunna farin ƙwan lantarki, sai ya yi duhu ya yi nauyi, falon ya zama kamar an rage masa faɗi. Shi kuwa 7000, hasken da ke tashi daga jan yashin tsakar gida yakan sassauta shi da rana, da dare kuma shuɗinsa ya fito a hankali.

Abin da ya raba mini gardama ita ce ƙura. Bayan kwana uku da taga a buɗe, na goga yatsa a kan 5014 na ga layi ɓaro-ɓaro, domin jar ƙura tana fitowa sosai a kan shuɗi, alhali a kan 7000 sai na matsa kusa kafin na gane ta. Wanda ya san hunturun garin nan ba zai raina wannan ba.

Mun shafa 7000 a falo, muka ajiye 5014 don bango guda a ɗakin kwana, inda labule ke sauke kullum. Na kuma roƙi mai fentin ya haɗa na falon duka a lokaci ɗaya, domin haɗin hannu ba ya fitowa iri ɗaya sau biyu.