Alkakinsu ya yi, amma a gyara rubutun shafin ƙarshe

Ranar Asabar na kai Inna wani sabon gidan abinci da aka buɗe a unguwarmu a nan Kano, don ta kwana biyu tana marmarin dambun shinkafa. Dambun ba laifi, ya ji zogale da gyaɗa, sai dai man ya ɗan yi yawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shafin ƙarshe na takardar abincinsu.

A samansa an rubuta "Desert" da manyan baƙaƙe. Turanci nake koyarwa a sakandare, don haka idona bai iya wucewa ba. Da s ɗaya, hamada ke nan, irin Sahara. Zaƙin da ake kawowa bayan an gama cin abinci da s biyu ake rubuta shi, "dessert". Asalinta Faransanci ne, daga "desservir", wato kwashe kwanuka daga teburi. A gidajen masu hali na Faransa sai an kwashe kwanukan nama da miya sannan a kawo 'ya'yan itatuwa da kayan zaƙi, har sunan kwashewar ya koma sunan abin da ke biyo bayanta. Wajen shekarar 1600 Turawan Ingila suka ari kalmar.

Na nuna wa yaron da ke kawo mana abinci. Cikin ladabi ya ce, "Hajiya, haka aka bugo mana, amma zan gaya wa maigida."

Abin da ke ƙarƙashin rubutun kuwa ya faranta mini rai. Na zaci kek da askirim zan gani, sai ga alkaki, dubulan, gullisuwa da tuwon madara. Mu dai ba mu saba rufe cin abinci da zaƙi ba. Alkaki da dubulan kayan gara ne, sai biki ko sallah. Ganinsu a faranti bayan dambu sabon abu ne a gare ni, kuma ya dace.

Alkakin ya sha zuma har cikinsa. Bayansa ƙas-ƙas, cikinsa da laushi, ga ɗan tsamin nan da ke nuna an bar kwaɓin alkamar ya kwana, ba a yi masa gaggawa ba. Inna ta gutsura, ta yi shiru, sannan ta ce, "Wannan hannun babba ne." Ba kasafai take yabon alkakin kasuwa ba. Dubulan ɗin ne bai kai ba: ya kwana, sukarin ya daskare a jikinsa.

Da ni ce mai wurin, "Kayan zaƙi" kawai zan rubuta, kowa ya gane. Aro ba aibu ba ne, don alkaki da alewa ma daga Larabci muka samo sunayensu, "al-ka'ak" da "halawa". Amma in za a ara, a rubuta daidai, ɗalibaina ma suna cin abinci a nan.

Kafin mu fita na sa aka ƙulle wa Inna alkaki goma a leda.